Kwalaben da Ke Ƙarƙashin Gadon Baba Isuhu

Ranar Talata da hantsi ina bakin wani ɗakin biki a unguwar Al-Shifa da ke Riyad, ina sauke tukwanen shinkafa daga bayan mota, sai wayata ta yi ƙara. Lawali ne, ɗan Damagaram da muke zaune gida ɗaya a Manfuha. Bai yi mini tsiyar da Badamagare ya saba yi wa Bakano ba, bai ma yi sallama ba. Ya ce, "Sabi'u, Baba Isuhu ya faɗi cikin madafa. An tahi da shi asibiti, amma kafin su isa rai ya yi halinsa." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na maimaita, na jingina da ƙofar mota.

Zan faɗi abin da ya biyo baya ko da zai rage mini daraja a idon masu karatu, domin saboda shi na ɗauki alƙalami. Bayan salati, abin da ya fara faɗo mini a rai ba gawar ba ce, ba kuma iyalinsa da ke Maradi ba. Kwalaben da ke ƙarƙashin gadonsa na tuna.

Shekara shida muka yi da Baba Isuhu a gida ɗaya, muna kuma aiki wuri ɗaya, wata madafa ce a Gubaira da ke dafa abincin biki da na walima. Shi ne babban kuku, ni direban da ke kai abincin. Dattijo ne dogo, siriri, mai furfura a gemu, daga wani ƙauye kusa da tafkin Madarumfa. Ba shi da hayaniya. Idan abinci ya rage a madafa, shi ne yake ƙulla shi leda-leda ya ba masu sharar titi, ya kuma san wanda ba ya cin yaji a cikinsu. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, shi ya riƙa dama mini kunu kafin ya fita aiki, ya ajiye kusa da kaina ba tare da ya tashe ni ba. Idan ya ga ana gaggawa a kan tukunya yakan ce, "Wuta ba ta jin yalla-yalla. Ita da saurinta, kai da haƙurinka." Idan kuma wani ya kushe abinci, sai ya yi murmushi ya ce, "Harshe ɗan ƙauye ne, abin da ya saba shi yake gaidawa."

Abu ɗaya ne a tarihinsa da ya hana zuciyata kwanciya, kuma shi bai taɓa ɓoye shi ba. Kafin ya zo Saudiyya ya yi shekara tara a Faransa, a wani yanki da ake kira Shabli, inda ba su da sana'ar da ta wuce noman inabi da yin farar giya. Ya je yana saurayi tare da masu tsinkar inabi na kaka, sai wani gida ya riƙe shi. Yakan ba mu labarin wurin bayan mun ci abinci, da natsuwa, kamar mai ba da labarin gonar ubansa. Ya ce kowane gida da gonakinsa da rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa, kuma kowane gangaren tudu da sunansa, kamar yadda unguwanni ke da suna. Inabin iri ɗaya ne, amma wanda ya fito a gangaren da ke kallon rana daban, wanda ya fito a kwari daban, har kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ya ce da sanyi ake aske rassan, hannu na tsagewa, kuma idan sabon toho ya fito sai a jera tukwanen wuta tsakanin kunya don kada ƙanƙara ta ƙone shi. Yana da wani farin dutse ɗan ƙarami da ya zo da shi daga can, cike da ɓawon ƙananan katantanwar teku. Yakan juya shi a tafin hannu ya ce, "Dubi ikon Allah. Babu teku kusa da wurin, amma ƙasar ta tuna da shi."

Daga gona aka mayar da shi madafar gidan, inda matar mai gida ke dafa wa baƙi masu zuwa saye. A can ya koyi girki, a can kuma ya koyi abin da ya fi ba ni tsoro a bakinsa, wato wace giya ce ke tafiya da wane abinci. Sabuwa mai tsami, in ji shi, da ɗanyar kawa ta teku ake shanta. Wadda ta kwana biyu a rumbu da kifi soyayye da man shanu, ko kaza mai miyar madara. Wata kuma da cukwin akuya. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, ai wannan ilimin na mashaya ne."

Ya ce, "Ilimin tsami ne, Bakano. Mi ya sa uwarka take sa yakuwa a miya mai kitse? Tsami shi ka yanke maiƙo. Su da abinsu suke yi, mu da namu."

Na ce, "Kuma kai shekara tara ba ka taɓa kurɓa ba?"

Ya dube ni har sai da na ji kunya, sannan ya ce, "Hancina ya yi aiki, bakina bai yi ba. Kuma ko haka nan na baro wurin, don na ji malamai sun ce tsinuwar giya ba ta tsaya ga mai sha kaɗai ba, ta kai ga mai matsa da mai ɗauka. Na ci gumina, amma ban ji daɗinsa ba."

Ni mutum ne mai zargi, haka Allah ya yi ni. Sai na duba tayar mota sau biyu, na kulle ƙofa na dawo na taɓa ta. Amsar Baba Isuhu ta shiga kunnena, ba ta wuce nan ba. A raina na ce, wa ya taɓa zama shekara tara a bakin rijiya bai jiƙa maƙoshi ba? Daga ranar na sa masa ido, kuma mai sa ido ba ya rasa abin gani. Na lura ba ya shan komai kai tsaye. Ko shayi ne, ko nono, ko zoɓo, sai ya ɗaga kofin ya dubi launinsa a haske, ya ɗan juya shi, ya kai hanci, sannan ya kurɓa ya riƙe a baki. Ya ce ɗabi'ar tsohon mai gidansa ce ta manne masa. Lawali yakan yi dariya ya ce Baba na gaisawa da shayi kafin ya sha. Ni ban yi dariya ba.

Sai kuma kwalaben. Wata rana takalmina ya shige ƙarƙashin gadonsa, na durƙusa in ɗauko, na ga kwali. Kwalabe ne korra na gilashi, jere, an toshe bakinsu da kyau, cikinsu wani ruwa fari-fari mai ɗan rawaya. Kowace da takarda a manne da rubutun Faransanci, wanda ni ban iya ba. Kowa ya san abin da kwalba irin wannan ke jawowa a garin nan. Ba mai ita kaɗai za a tafi da shi ba, duk wanda sunansa ke gidan sai ya amsa tambaya, daga nan sai soke iƙama, wato takardar izinin zama, sai jirgi zuwa gida. Na mayar da kwalin yadda na same shi.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in same shi in ce, Baba, mene ne wannan? Ban yi ba. Na gaya wa kaina wai girmansa nake gani. Gaskiyar ita ce na riga na yanke hukunci, ba na son a warware mini shi. Ranar Juma'a yakan dafa mana kifi da wata farar miya mai ɗan tsami, wadda Lawali ke lashe farantinta. Na zargi tsamin nan daga kwalaben yake, na daina ci. Yau in ce cikina, gobe in ce an gayyace ni wani wuri. Sau ɗaya ya miƙo mini cokali daga tukunya ya ce, "Ɗanɗana ka hwaɗa mini ko gishiri ya ji." Na ce ina azumi, alhali na karya kumallo da safe. Ya dubi cokalin, ya mayar. Mafi muni, idan aiki ya makarar da mu muka yi jam'i a gida ya ja mu salla, ina sallamewa sai in shige ɗaki in sake tawa. Shekara biyu ina haka. Allah ya yafe mini.

To, ranar da ya rasu, maimakon in nufi asibiti sai na juya mota zuwa Manfuha. A lissafina, za a zo kwashe kayansa, wataƙila da wakilin kafili, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, wataƙila da 'yan sanda. Na jawo kwalin na kai bayi. Kwalba goma sha ɗaya ce. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina tuttulewa, ina kawar da fuska. Wani ɗan mai ya fara fitowa daga bakin kowace, sannan ruwan, da warin tsami. Ni da ban taɓa sanin warin giyar Turawa ba, sai na ce lallai shi ke nan. Ina kan ta ƙarshe Lawali ya turo ƙofa, ya zo ɗaukar fasfon marigayi.

Ya ce, "Sabi'u, mi kake yi haka?"

Na ce, "Rufin asiri nake yi wa mamaci. Kai dai ka yi shiru."

Da na ce ban sani ba, da na ce tsoro nake ji, da abin ya zo da sauƙi. Amma na ce rufin asiri, kuma ba a rufa asiri sai inda akwai abin kunya. Lawali ba mugu ba ne, ya dai kasa riƙe abin shi kaɗai, ya gaya wa mutum ɗaya don neman shawara. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin takardun asibiti su fito a ba mu gawa, kwana biyar, zancen ya zaga Manfuha ya shiga Gubaira. An yi masa salla a masallaci tare da sauran gawarwakin ranar, aka binne shi a nan Riyad. Amma a zaman makoki na ga yadda mutanenmu ke shigowa, su yi addu'a a gajarce, su dubi ƙofar ɗakin da yake kwana, su dubi juna. Wani da ya sha cin abincin hannunsa kyauta ya ce a kunnena, "Dama wanda ya zauna da Nasara haka, ai sai a hankali." Na sunkuyar da kai, don ni na ba shi bakin magana.

Kwana uku bayan haka 'yarsa Rakiya ta kira ni daga Maradi. Ita ce babbar 'yarsa, malamar makaranta ce, mun saba gaisawa idan yana waya da ita. Bayan ta'aziyya ta ce, "Kawu Sabi'u, wata magana ta iso nan cikin saƙon murya, har ta kai kunnen innata. An ce kai ka gani da idonka. Kai ka zauna da shi. Ka hwaɗa mini, babana shina shan giya?"

Na buɗe baki na ce, "Rakiya, Allah shi ya san komai. Mu dai mu yi masa addu'a."

Ta ce, "To, na ji," ta kashe wayar. Ban taɓa ba wani mutum amsa mafi zalunci da wannan ba.

Gaskiya ta same ni inda ban neme ta ba. Akwai wani Balarabe Basiriye mai kayan lambu a Gubaira wanda Baba Isuhu ke sayayya wurinsa. Bayan mako biyu aka aike ni karɓo albasa, yana ganina ya ce, "Ina Abu Rakiya? Kwana uku ke nan na ajiye masa kayansa, za su lalace." Na gaya masa rasuwar. Mutumin ya zauna a kan kwali ya yi kuka kamar ɗan'uwansa ne. Da ya natsu ya nuna mini akwatuna biyu na inabi ɗanye shar, ƙanana, masu tauri, irin wanda ko tsuntsu ba zai taɓa ba. Na ce me Baba yake yi da wannan? Ya ce, "Hisrim mana. Kai ba abokin zamansa ba ne?"

Ya ja ni bayan shago ya nuna mini tukunya da abin tacewa. Ya ce duk shekara idan ɗanyen inabi ya shigo, su biyu suke matse shi a nan, su tace, su tafasa shi da gishiri sosai, su ɗura a kwalba, su zuba man zaitun a sama don iska kada ta shiga. Ya ce haka mahaifiyarsa take yi a ƙauyensu, ana sa shi a miya maimakon lemon tsami. Ya ce, "Babu zaƙi a cikinsa, an dafa shi, an sa gishiri. Ko shekara goma ya yi ba zai zama abin da zai bugar da ƙuda ba." Ya ɗauko tasa kwalbar, koriya, ruwan fari-fari mai ɗan rawaya, ya tsiyaya mini a murfi. Warin da na kawar wa fuska a bayi shi ne ya daki hancina. Na kurɓa. Tsami ne da gishiri, ba wani abu ba.

Da na koma gida na ɗauko wani littafi mai baƙin bango da muka samu cikin kayansa, wanda na ɓoye shi ma don na ga Faransanci ne. Na ajiye gaban Lawali, wanda ya yi karatun Faransanci a garinsu, na ce ya karanta mini. Kowane shafi girki ɗaya ne daga madafar gidan nan na Shabli. A sama sunan abincin, a ƙasa sunan giyar da ake zubawa ciki ko ake sha da shi. Kowane sunan giya an ja masa layi an soke, a gefensa an rubuta abin da zai maye gurbinsa: cokali kaza na ruwan ɗanyen inabi, ko tsamiya, ko lemo da ɗan zuma. Wani shafin an soke an sake har sau huɗu. Takardun da ke jikin kwalaben kuwa, waɗanda na ɓare na ɓoye tun ranar da na tuttule su, shekara ce kawai da sunan garin da inabin ya fito, kamar yadda ya ga ana yi a can. Shekaru ya kwashe yana wanke ilimin da ya samo, yana raba shi da haram, shafi bayan shafi, a gadon da ke kusa da nawa. Lawali ya rufe littafin ya ce, "Mun ci amanar tsohon nan." Na ce a'a, ni na ci, kai aron bakina ka yi.

Na kira Rakiya a ranar. Na gaya mata komai, tun daga takalmin da ya shige ƙarƙashin gado har zuwa sallar da nake sakewa. Na ce ta gaya wa mahaifiyarta mijinta ya mutu da tsarkinsa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kawu, ai mu mun sani. Duk zuwan da ya yi hutu sai ya taho muna da kwalba guda, ya dahwa muna kihin Madarumfa da ita. Ni ma ya koya mini."

Na ce, "To, me ya sa kika tambaye ni?"

Ta ce, "Kullum in mun yi waya sai ya ce kada mu damu, shina da ɗa a Riyad mai suna Sabi'u. So nake in ji ko ɗan nan ya san shi."

Abin da ya rage mini shi ne in bi maganar nan duk inda ta shiga in kamo ta, shi ya sa na rubuta wannan, kuma ina roƙon duk wanda ya tura wancan saƙon ya tura wannan ma. Baba Isuhu bai ajiye giya ba, bai sha ba. Ni Sabi'u na zubar da aikin hannunsa na shekara guda a bayi, na kira shi rufin asiri. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Na aika wa Rakiya littafin da farin dutsen. Akwatunan inabin kuwa na saye su, Basiriyen ya tsaya a kaina na matse, na tafasa, na ɗura. Kwalaben suna nan ƙarƙashin gadona, duk mai son gani ya zo, zan buɗe masa.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka karɓi barin da ya yi wa abin da ka hana, ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka sanya zaluncin da muka yi wa sunansa ya zama nauyi a mizaninsa na alheri. Ka ba matarsa da Rakiya da ƙannenta haƙuri, ka tsare mutuncinsu, ka zama gatansu a bayansa. Mu kuma da muka rage a nan, ka tsare harsunanmu da zukatanmu daga zargin bayinka, ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya gabanka, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.